Daren da shinge ya tashi, kifi ma yana biki

Duk wanda ya taso a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ya san wannan daren. An yi ruwa mai ƙarfi da la'asar a farkon damina, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, ana idar da sallar magariba sai ka ga ƙwan lantarki ya yi baƙi da shinge. Yara su fito da roba da ruwa a ciki, a tara, a soya da gishiri, a ci har da lashe yatsa. Mu ma mun yi, kuma ba za mu ce mun daina ba. Abin da ba mu lura da shi ba sai da muka girma shi ne, a daidai lokacin da muke wawar shinge a tsakar gida, kifaye ma suna tasu wawar a dam da kududdufai.

Hutun da ya wuce ne muka gani da idonmu. Mu uku, dukkanmu ɗaliban jami'a, muka je bakin dam ɗin Kazaure washegarin wani ruwan dare, da fatsarmu da gwangwanin tana. Mun fi awa biyu ko motsi ba mu ji ba, alhali ga ruwa yana ta ɓal-ɓal a gabanmu, kifi yana taɓo sama yana komawa. Wani dattijon masunci da ke ɗinkin birgi a gefe ya gaji da kallonmu, ya ce: "Samari, kun sauke abinci ƙasa, masu cin kuma suna sama. Ku dubi ruwan mana." Da muka duba da kyau, ashe fuskar ruwan cike take da fukafukai da ragowar shingen da iska ta zubo da daddare.

Shi shinge ba wani ƙwaro ne daban ba, gara ce mai fiffike. Su ne 'ya'yan sarautar suri, maza da mata, waɗanda ake ajiyewa har sai ruwa ya tausasa ƙasa. Sukan fito gaba ɗaya a dare guda, su tashi, su yar da fiffiken, namiji da mace su haɗu su haƙa rami su kafa sabon gida. Macen da ta tsira ita ce za ta zama sarauniya mai zuba dubban ƙwai a rana. Amma mafi yawansu ba sa kaiwa: jemage da kwaɗo da ƙadangare da kaji da mu duk muna jiransu. Jikinsu cike yake da mai, shi ya sa suke soyuwa ba tare da an zuba man gyaɗa ba, shi ya sa kuma kifi yake ƙyale tana idan ya same su. Masu shirin jarrabawar NECO, ga sarƙar abincin da kuke haddacewa a darasin Bayoloji nan tana gudana a bayan garinku.

Ba kowane kifi ne yake hawowa ba. Kawara ce kan gaba, 'yar siririya mai ƙyalli, mai saurin tsiya, wadda dama ƙwarin da suka faɗo ruwa suna cikin abincinta. Tarwaɗa ta saba kiwo a ƙasa da dare, tana lalube da gashin bakinta, amma ba ta raina abin da ya zo mata. Akwai ma wani nau'in ƙurungu da yake iyo a rigingine, ciki sama, don ya ci abin da ke kan fuskar ruwa.

Abin da ya ba mu dariya shi ne, shawarar da Baba ya ba mu kyauta wasa ce guda mai cin kuɗi a Turai da Amurka. Can suna da wani kifin ruwan sanyi da suke kira tirawut, wanda ba ya jure ruwan da zafinsa ya wuce digiri 20 da ɗan abu, don haka kada ku je nemansa a Jigawa. A Afirka sai a wurare masu tsayi irin su duwatsun Kenya, inda Turawa suka kai shi a 1905. A ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni, a koguna irin su Test da ke kudancin Ingila, wani ƙwaro da ya yi shekara ɗaya ko biyu yana rayuwa a ƙarƙashin ruwa yakan fito sama ya yi fiffike. Babban ba ya ma cin abinci, kwana ɗaya ko biyu ya hayayyafa ya mutu. A 'yan kwanakin nan tirawut ba ya kula komai sai shi. To su masu fatsar ba sa saka ƙwaron gaske. Gashin tsuntsu da zare suke ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da ke tashi a ranar, girma da launi, su wurga ta sauka a hankali kamar iska ce ta kawo ta. Dabarar tsohuwa ce: wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Masedoniya suke yin ta da jan ulu da gashin zakara tun wajen shekara ta 200 miladiyya. Bambancin kawai, nasu ƙwaron daga ruwa yake fitowa, namu daga ƙasa yake faɗawa ruwa.

Sai muka ce bari mu gwada. Muka samo gashin zabuwa, muka tsinko zare daga tsohuwar hula, muka ɗaura. Na farko ya yi kama da tsintsiya, ya kuma nutse nan take. Sai da muka yanko ɗan guntun silifa muka yi masa jiki sannan ya tsaya a sama. Kawara biyu muka kama da shi a yammaci guda. Baba kuwa, da shingen gaske da ya soke a ƙaramar ƙugiya ba tare da dalma ba, ya kusa cika ƙwarya. Da muka tambaye shi ra'ayinsa kan ƙirƙirarmu, ya juya ta a tafin hannunsa ya ce: "Ba laifi, 'ya'yana. Ranar da shinge bai tashi ba za ta yi muku rana."

Akwai abin da ya hana mu, kuma mun ga gaskiyarsa. Lokacin shinge shi ne lokacin da kifi yake shiga haihuwa. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa zuwa cikin ciyawar da ta nutse ta zuba ƙwai. Karfasa mace kuwa a bakinta take riƙe ƙwanta da 'ya'yanta har su yi ƙwari. Da ɗayanmu ya ciro wata, Baba ya buɗe bakinta ya nuna mana ƙwai jere kamar gero, ya sa aka mayar da ita. A ganinmu, yaron da ya ja gidan sauro a bakin kududdufi ya kwashe 'yan mitsi-mitsin kifi bai sami abin miya ba, ya kuma cinye na baɗi. Wanda ya zuba maganin ƙwari a ruwa kuwa ya fi shi laifi, don ruwan nan dabbobi suna sha, mutane suna wanki da shi.

In za ku je, ku je da babba kuma da izinin gida. Bakin dam a damina santsi ne, wurin da kuka taka a watan Afrilu yana iya shanye mutum a watan Agusta. Ku tsaya a tudu, fatsa ba ta buƙatar ku shiga ruwa. Ruwan da ba ya gudu shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda take shiga ta fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa iyayensa a je asibiti, akwai magani, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu abokai suke faɗa.

Ƙwaron silifar nan yana cikin kwalin ashana a jakar ɗayanmu. Mun riga mun yi wa maƙwabciyarmu mai zabi magana ta tara mana gashi kafin ruwan farko.