KADA MU ZUBAR DA KAKIN ZUMA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in hunturu ya shigo, kowa ya san halinsa: leɓe ya tsage, hannu ya yi kaushi, faso ya hana tafiya. Sai mu kai kuɗinmu kanti neman man shafawa. Alhali ɗaya daga cikin kayan da masana'antu ke haɗa irin wannan mai yana cikin amyarmu, wato kakin zuma.

Da yawa in mun matse zuma sai mu watsar da saƙar. Wannan hasara ce. Ƙudan zuma sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su yi kaki kilo 1. A ƙasar Habasha, kaki haja ne da ake fitarwa ƙasashen waje.

Mene ne aikinsa a jiki? Kaki yana rufe fata, ya hana iska ta shanye danshinta. Shi ya sa ake shafa shi bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba.

Ga yadda ake fidda shi. A zuba saƙar cikin tukunya da ruwa, a ɗora kan wuta kaɗan har ta narke. Kada tukunyar ta zama mai tsatsa, don baƙin ƙarfe yana ɓata launinsa. A tace da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya kwana. Da safe kakin ya daskare a saman ruwa. A ɗauke, a kankare dattin ƙasansa.

Ga yadda ake haɗa man. A auna kaki gwangwani 1, man gujiya ko man kaɗe gwangwani 4. A sa su cikin kwano, a sa kwanon cikin ruwan zafi har su narke, a motsa. Kada a ɗora kaki kan wuta kai tsaye, yana kama wuta. A juye cikin kwalba mai marfi.

Makiyayi ma zai iya shafa shi a kan nonon saniya in ya tsage, bayan tatsa. Amma ban da gyambo, ban da ƙuna, ban da miki mai mugunya. Waɗannan na likita ne.

To jama'a, bana in an ɗebe zuma, a adana saƙar. Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabcinsa.