Dakalin tasha: inda gwanin ƙaramin jirgin ƙasa ke nuna hannunsa

A ƙasashen Turai akwai wani aikin hannu da ya ɗauke hankalin manyan mutane, likitoci da malamai da tsofaffin ma'aikata: su shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo bisa tebur, su kewaye shi da tashoshi da gadoji da gidaje, jirgi yana gudu da wutar lantarki. Wanda ya san yaran Maradi ko Damagaram masu ƙera mota da kara ko da waya ba zai rasa gane wannan sha'awa ba. Kan jirgi da taragu saye ake yi, masu tambarin Märklin na Jamus ko Jouef na Faransa. Amma dakalin tasha, wato tudun nan da Faransawa ke kira « quai », inda matafiya ke tsayuwa su jira jirgi, gwanaye sun fi so su gina abinsu, domin na kanti yawanci miƙaƙƙe ne, dogon tebur kuwa ba ya rabuwa da kwana.

Tushen aikin awo ne. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa, mai suna HO, yana rage kowane abu sau 87: tsakanin ƙarafan dogo milimita 16,5, mutum mai tsawon mita 1,75 kuma ya koma santimita 2. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta tsai da tsayi biyu ga dakali na gaskiya, milimita 550 da 760 daga kan ƙarfen dogo. Bisa tebur sun zama 6,3 da 8,7. Na Ingila ya fi tudu, milimita 915, wanda a ma'auninsu na OO yake daidai da 12. Kuskuren milimita ɗaya tak a nan kusan santimita 9 ne a tashar gaskiya, kuma ido yana ganinsa nan take a bakin ƙofar tarago.

Kwana ita ce babbar jarrabawa. Tarago mai mita 26,4 yana zama santimita 30, kuma ba ya lanƙwashewa: idan ya shiga kwana, tsakiyarsa tana karkatowa ta cikin kwanar, goshinsa yana leƙawa ta waje. Saboda haka magini ba ya dogara ga lissafi kaɗai. Sai ya shimfiɗa takarda a gefen dogo, ya ɗauko taragonsa mafi tsawo, ya riƙe fensir a tsakiyarsa, ya tura shi a hankali. Sa'an nan ya maimaita da fensir a goshi. Zanen da ya fi nisa da dogo shi ne iyakar bakin dakali. In ya matso ciki, tarago ya goga ya sauka daga dogo. In ya ja baya da yawa, sai a ga rami wanda babu matafiyin da zai iya tsallakewa.

Kada a ɗauka wannan tsantseni na masu wasa ne kawai. Cikin watan Mayu na shekara ta 2014 aka bayyana cewa sababbin jiragen jihohi da kamfanin SNCF na Faransa ya yi odarsu sun fi ƙarfin wasu tsofaffin tashoshi a faɗi. Dole aka shiga sassaƙe bakin dakali kimanin 1.300, a kan kuɗi miliyan 50 na euro, wato fiye da miliyar 32 na sefa.

In awo ya tabbata, sauran aiki na haƙuri ne. Ana yanka gindi daga fallen katako ko kwali mai kauri, a manna da gam, a sassauta ƙarshensa ya gangaro ƙasa. Samfefa mai laushi da aka shafa wa fenti ruwan toka tana ba da kamar kwalta. Masu son daɓen duwatsu kuwa da tsinin allura suke tsaga layukansa ɗaya bayan ɗaya. Tsawo ne kaɗai ake yi wa rangwame, don dakalin taragu goma zai ci mita 3, teburin da ɗakuna kaɗan ne za su ɗauka.

Daga nan a ja farin layi a baki, a kafa fitilu da benci da agogo da allon sunan gari. Sabon shiga yakan bar kome fes, ya jera mutane daidai wa daida kamar shukar hatsi, abin ya fito ba rai. Gwani kuwa yana goga garin gawayi inda ƙafa ta fi bi, ya ɗiga tsatsa a gindin kowace fitila, ya tara matafiyansa inda suke taruwa da gaske: a inuwar rumfa, a bakin matakala, da mutum ɗaya can ƙarshen dakali yana duban hanyar da jirgi zai ɓullo.