Nikopolidis na Girka da Makomar Masu Tsaron Gida a Rano da Kibiya

A hutun Ƙaramar Sallar da ta wuce na je gida Rano, sai wani ƙanena ya ja ni zuwa Kibiya kallon wasan sada zumunci tsakanin samarin garuruwan biyu. Filin makaranta ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa, turakun ƙarfe ne a tsaye babu raga. Ana cikin wasa hankalina ya bar ƙwallo ya koma kan wani magidanci mai kimanin shekara hamsin, wanda ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiya ya je ya tsaya a bayan ɗaya daga cikin masu tsaron gida. Duk lokacin da aka taso da ƙwallo sai ka ji shi yana cewa, "Yaro, ƙaro taku biyu gaba! Rufe turken kusa! Yi wa 'yan bayanka magana!" Yaron kuwa ya bi maganarsa, ya tare ƙwallo uku da kowa ya riga ya ƙidaya a matsayin ci. Sai daga baya na gane mutumin. Shi ne golan da muke rububin ɗaukar wa takalmi muna yara a shekarun 1990. Yanzu noma yake yi da damina, da rani ya ɗan taɓa acaɓa. Babu wanda ya gayyace shi filin, babu kuma wanda ya ce masa an gode da aka tashi.

A hanyarmu ta komawa Rano wannan mutum ya yi ta tuno mini da wani mai tsaron gida ɗan ƙasar Girka, Antonis Nikopolidis. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Rano da Girka. Amma a fagen tamaula Girka ba baƙuwarmu ba ce. A ranar 30 ga Yunin 1994, a gasar cin kofin duniya ta Amurka, Najeriya ta ci Girka 2-0, Finidi George da Daniel Amokachi ɗan Kaduna suka zura ƙwallayen, Peter Rufai na tsaron gida. A wancan lokaci da yawanmu mun ɗauka Rufai namu ne saboda sunansa, sai da muka girma muka san ɗan Legas ne. Girkawa sun buga wasa uku a gasar, suka sa gola uku daban-daban, aka zura musu ƙwallo goma ba su rama ko ɗaya ba. Bayan shekara 16, ranar 17 ga Yunin 2010 a Afirka ta Kudu, suka rama da ci 2-1, bayan an bai wa Sani Kaita, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, jan kati a minti na 33. Har yau akwai gidajen kallon ƙwallo a kudancin Kano da ba a gama wannan musu ba.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu ne Nikopolidis ya yi zamaninsa. An haife shi a garin Arta a watan Janairun 1971, ya fara wasa a ƙungiyar garinsu, sannan a 1989 Panathinaikos ta birnin Athens ta ɗauke shi yana ɗan shekara 18. Abin da ya tarar a can benci ne. Akwai Józef Wandzik, ɗan ƙasar Poland, wanda ya riƙe ragar ƙungiyar har ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai a 1996. Ɗan wasan gaba ko na tsakiya in bai samu shiga da farko ba, ana iya saka shi a minti ashirin na ƙarshe ya nuna kansa. Gola ba shi da wannan gata, gurbinsa ɗaya ne tak, kuma ba a canza shi sai da dalili. Haka Nikopolidis ya shafe mafi yawan shekarunsa na farko yana atisaye kullum, ranar wasa ya zauna ya yi kallo. Bai fara tsare wa ƙasarsa raga ba sai a 1999, yana da shekara 28, shekarun da a wajenmu ake fara tambayar ɗan ƙwallo yaushe zai nemi sana'a.

Shekarar 2004 ta zo masa da fuska biyu. Ya samu saɓani da Panathinaikos a kan sabunta kwantiragi, ƙungiyar ta mayar da shi benci a ƙarshen kakar wasa. Duk da haka kocin Girka, Bajamushe Otto Rehhagel, ya tafi da shi gasar cin kofin nahiyar Turai a Fotugal a matsayin gola na ɗaya. A wasannin rukuni an zura masa ƙwallo huɗu. Daga nan ƙofa ta rufu. Faransa ta Zidane da Henry ba ta ci shi ba, Jamhuriyar Czech ta Nedved da Baros ba ta ci shi ba, sannan ranar 4 ga Yuli a birnin Lisbon mai masaukin baƙi Fotugal, da Figo da matashi Cristiano Ronaldo, ta yi minti casa'in tana ƙwanƙwasawa a banza. Dukkan wasannin uku 1-0 aka tashi, Angelos Charisteas ya ci ƙwallon da ta ba su kofi da ka daga bugun kusurwa. Wanda ya kalli waɗannan wasanni zai tuna cewa Nikopolidis bai cika yin tsalle-tsallen burge 'yan kallo ba. Aikinsa ya fi yawa kafin a buga ƙwallo: inda zai tsaya, wanda zai tura ya riƙe wane, lokacin da zai fito ya cafke ƙwallon sama da lokacin da zai bar wa 'yan baya.

A wannan bazarar ya koma Olympiacos, babbar abokiyar hamayyar tsohuwar ƙungiyarsa, abin da magoya bayan Panathinaikos ba su yafe masa da wuri ba. Ya kuma ɗanɗani ɓacin ranar da ke jiran kowane gola. A gasar Turai ta 2008 ya bar gidansa ya bi wata ƙwallo da ba tasa ba, 'yan Rasha suka maido ta tsakiya suka zura a raga babu kowa, Girka mai riƙe da kofi ta fita tun a rukuni. A shekarar ya daina buga wa ƙasarsa, bayan wasa 90. Sai ga shi a 2009, a wasan ƙarshe na kofin Girka da AEK da aka tashi 4-4, an yi ta bugun fenariti har 15-14, kuma shi ne ya buga na ƙarshe da ya ba Olympiacos kofi. Ya ajiye safar hannu a 2011 yana da shekara 40.

Inda labarin ya shafe mu shi ne abin da ya biyo baya. Ƙungiyarsa ba ta sallame shi da kyautar agogo ba. Ta mayar da shi mataimakin koci, har ya yi riƙon ƙwarya na ɗan lokaci a farkon 2013, daga baya hukumar ƙwallon ƙasar ta damƙa masa tawagar 'yan ƙasa da shekara 21. Lokacin da 'yan gudun hijira daga Siriya da Iraƙi da Afganistan suka cika sansanoni a kewayen Athens, ya shiga cikin waɗanda suka kafa musu ƙungiyar ƙwallo mai suna Elpida, wato fata, ya riƙa horar da su. Gaskiya dai aikinsa na koci bai kai ko kusa da sunan da ya yi a raga ba, kuma bai ɗaga wani babban kofi daga benci ba. Ba kowane gola ne ke zama Dino Zoff da ya kai Italiya wasan ƙarshe na Turai a 2000 ba, ko Julen Lopetegui da ya ci kofin Europa da Sevilla a 2020. Amma abin da ya tara a shekara 22 bai tafi gida tare da shi ba, an samar masa hanyar da zai zuba shi a kan na baya.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa tsohon gola ke da abin koyarwa fiye da yadda muke zato. Shi kaɗai ne ɗan wasan da ke fuskantar fili gaba ɗaya daga farkon wasa zuwa ƙarshe. Yana ganin ɓaraka tun tana tsagewa, kuma aikinsa ne ya faɗa da baki. Ya saba da zaman jira, ya saba da ɗaukar laifin da ba nasa kaɗai ba. Sannan sana'ar kanta ta sauya. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya maido masa da ƙafa, yanzu kuwa manyan ƙungiyoyi daga ƙafar gola suke fara gina hari. Wannan ba abu ne da yaro zai tsinta da kansa a kan titi ba, sai an koya masa.

A wajenmu kuwa, ta yaya ake zama gola? Duk wanda ya yi ƙwallon unguwa ya san amsar: wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ko wanda ya zo a makare, ko wanda ba ya iya gudu, shi ake turawa gida. Ni ma ta haka na shiga, na kuma fita da tabon tsakuwa a gwiwar hannu da har yanzu yana nan. Yaron da ya faɗi sau biyu a kan irin wannan ƙasa jikinsa zai koya masa kada ya sake faɗuwa, sai ya koma tare ƙwallo da ƙafa. Kocin unguwa, wanda galibi tsohon ɗan wasan gaba ne, horon da yake ba gola bai wuce a jera a yi ta narka masa ƙwallo ba. Sakamakon a bayyane yake. Arewa ta ba Najeriya Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Ahmed Musa da Shehu Abdullahi. Amma a lissafa waɗanda suka riƙe ragar ƙasa a matsayin na ɗaya, Emmanuel Okala, Best Ogedegbe, Rufai, Alloy Agu, Ike Shorunmu, Vincent Enyeama, har zuwa Stanley Nwabali, sai an koma shekarun 1960 wajen Inuwa Lawal Rigogo kafin a ji suna irin namu. Agu da Shorunmu duk sun koma sun horar da masu tsaron gidan Super Eagles, marigayi Joe Erico ya zama cikakken koci, Rufai kuma kafin rasuwarsa a Yulin 2025 ya buɗe makarantar koyar da yara ƙwallo a Legas. Can ana gadon sana'ar hannu da hannu.

Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, saboda haka ba a rasa sanin darajar gola a jihar nan ba. Matsalar tana ƙasa, a garuruwa irin Rano da Kibiya da Bunkure da Tudun Wada, inda ake fara gano yaro ko a rasa shi. Kuma gyaran ba mai tsada ba ne. 'Yan siyasar da ke sa kofi duk shekara, kuɗin rigunan da ake bugawa da hotonsu ya isa a aika tsohon gola ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ya yi kwas ɗin horarwa, ko a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko a kwasa-kwasan da hukumar ƙwallo ke shiryawa. Tifa biyu ta yashi a kusurwar filin makaranta za ta ba yara wurin koyon faɗuwa ba tare da sun bar fatarsu a ƙasa ba. Masu shirya gasa su ware kyautar gola kamar yadda suke ware ta wanda ya fi cin ƙwallo. Wani zai ce a yankin da makarantu ke neman kujeru da malamai, maganar gola wasa ce. Na yarda kujera ta fi safar hannu muhimmanci, sai dai kuɗin kofin ana kashe su ko mun yi magana ko ba mu yi ba, tambayar ita ce a kan me.

Kafin mu bar Kibiya na je na gaishe da mutumin nan, na tuna masa ko ni wane ne. Ya yi dariya, ya ce yaron yana da ido da ƙarfin hali, amma yana faɗuwa a kan gwiwar hannu maimakon gefen jiki, in ba a gyara masa ba kafin shekara biyu zai bar raga. Na tambaye shi ko zai iya zuwa yana koya masa. Ya ce ran Talata da Alhamis bayan La'asar ba ya komai, in dai za a samu yashi da ƙwallo biyu.