Zanen Gaskiyar Rayuwa a Amurka: Talakawa da Siyasa a Idon Masu Zane

Zanen gaskiyar rayuwar al'umma, wato salon da mai zane ke nuna halin da talakawa da ma'aikata suke ciki ba tare da ƙawatawa ba, ya bunƙasa a Amurka bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a shekarar 1929, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe har ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar sun rasa aikin yi a 1933. Masu wannan salo sun mayar da zane hanyar tuhumar masu mulki da masu hannu da shuni.

Ben Shahn na cikin fitattunsu, kuma tsakanin 1931 da 1932 ya yi jerin zane 23 kan Sacco da Vanzetti, baƙi biyu 'yan asalin Italiya waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa a jihar Massachusetts a 1927, bayan shari'ar da mutane da yawa suka ɗauka ta zalunci ce. A wani babban zane nasa kan wannan batu, gawarwakin biyu suna kwance cikin buɗaɗɗun akwatuna, manyan mutane uku na kwamitin da ya amince da hukuncin kuwa suna tsaye a kansu cikin kayan alfarma, biyu daga cikinsu riƙe da furanni, fuskokinsu babu alamar nadama. Shi kuwa Jacob Lawrence, baƙar fata, ya kammala zane 60 a 1941 kan ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar zuwa biranen arewa domin guje wa wariya da neman aiki.

Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta tallafa wa wannan sana'a ta wani shiri da ya gudana daga 1935 zuwa 1943, inda ake biyan masu zane albashi su yi zane a bangon makarantu da asibitoci. Sai dai siyasar da ta ɗaga salon ita ce ta kayar da shi, domin da Yaƙin Cacar Baka ya kankama aka fara zargin masu shi da ra'ayin kwaminisanci, har aka gurfanar da ɗaya daga cikinsu, William Gropper, gaban kwamitin Sanata McCarthy a 1953. Duk da haka, ayyukansu na cikin shaidu mafi ƙarfi kan yadda talakan Amurka ya rayu a wancan zamani.