Zakaran Gwajin Dafi: Masu Ba Da Huhunsu Don Binciken Ciwon Asma

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da mai ciwon asma cikin hunturu ya san irin wahalar da ke cikinsa. Ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito, mutum ya zauna ya kasa kwanciya har gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 262 ne ke fama da wannan ciwo, kuma wajen 455,000 suka mutu da shi. Maganin shaƙa da ke kawo musu sauƙi kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Sai da waɗansu mutane suka yarda aka gwada shi a jikinsu tukuna.

Cikin irin waɗannan mutane akwai Dokta Roger Altounyan, wanda aka haifa a Halab ta ƙasar Siriya a 1922, ya yi aiki a Ingila. Shi kansa mai asma ne. Don haka sai ya mai da kansa zakaran gwajin dafi. Yakan shaƙi ruwan da aka jiƙa gashin ɓeran Masar a ciki, don ya san shi ke tayar masa da ciwon, sa'an nan ya duba ko sabon haɗin da aka yi zai tare shi. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, ya gwada ɗaruruwan haɗi, har a 1965 aka dace da wanda aka fitar kasuwa da sunan Intal. Amma fa shi likita ne, ya san abin da yake shaƙa, ya kuma san haɗarinsa.

Ba haka ya kasance ga wata budurwa 'yar shekara 24 a birnin Baltimore na Amurka ba. Ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na cibiyar binciken asma ta Jami'ar Johns Hopkins, lafiyarta ƙalau, ba ta da asma. Likitocin suna neman sanin wani abu mai muhimmanci: in mai lafiya ya ja dogon numfashi, hanyoyin iska na huhunsa sukan buɗe, amma na mai asma ba su buɗewa haka. Suna zaton jijiyoyi ne ke wannan aiki. To, sai suka shirya su ba masu lafiya wani magani mai suna hexamethonium su shaƙa, don ya tsai da aikin jijiyoyin na ɗan lokaci a ga abin da zai faru. Ladan da aka yanka wa kowane mai sa kai bai wuce dala 365 ba.

Ita ce ta uku da aka ba. Ran 4 ga Mayu, 2001 ta shaƙi maganin. Kashegari tari ya kama ta, bayan 'yan kwanaki aka kwantar da ita asibiti numfashi na gagararta. Huhunta ya yi ta lalacewa, ran 2 ga Yuni ta rasu.

Da aka bi diddigi sai abubuwa suka fito fili. Na farko, mutumin da aka fara ba maganin ya yi tari da sarƙewar numfashi har wajen mako guda, amma ba a kai rahoto ga kwamitin da ke sa ido kan binciken ba, an ɗauka mura ce. Na biyu, tun cikin shekarun 1950, sa'ad da ake ba masu hawan jini wannan magani, likitoci sun rubuta cewa yana iya ɓata huhu. Rubuce-rubucen na nan a ɗakin karatu, amma neman da aka yi ta kwamfuta bai kai can baya ba. Na uku, hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da maganin tun 1972, takardar da masu sa kai suka sa wa hannu kuwa ba ta faɗa musu haka ba. A watan Yuli na shekarar gwamnatin Amurka ta dakatar da binciken da take biya ana yi a kan mutane a jami'ar na 'yan kwanaki, jami'ar kuma ta amsa cewa alhakin na wuyanta.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mutanen Kano, inda a 1996 aka shigar da yara wajen 200 cikin gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau, aka yi ta shari'a shekaru a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma in kowa ya gudu, wa za a gwada wa maganin gobe?

Hanyar tsakiya ita ce sani. Ƙa'idar Helsinki ta 1964, wadda likitocin duniya ke bi, ta ɗora lafiyar mai sa kai bisa amfanin bincike. Nijeriya ma tana da nata kundin ƙa'idoji tun 2007. Saboda haka wanda aka nema ya shiga bincike yana da ikon ya tambaya: Mene ne za a ba ni? An taɓa ba ɗan Adam ta wannan hanya? Me ya sami waɗanda suka riga ni? Wane kwamiti ya amince? Wa zai biya jiyya in na kwanta? Dole a yi masa bayani da harshen da yake ji, yana kuma iya fita duk ran da ya so ba tare da an hana shi magani ba.

Mai sa kai amana ya kawo. Likitan da ya karɓe ta, wajibi ne ya faɗa masa duk abin da ya sani kafin ya miƙa masa abin shaƙa.