Noma Marar Sinadari a Matsayin Sana'ar Ciniki: Halin da Arewacin Nijeriya Take Ciki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba irin noman nan da Turawa ke kira oganik, mu ga ko zai iya zama sana'ar da za ta jawo wa ƙasa kuɗin waje, mu kuma ga inda ƙarfinsa ya tsaya. A nan za mu kira shi noma marar sinadari, watau noman da ba a zuba masa takin zamani, ba a yi masa feshin maganin ƙwari ko na ciyawa irin wanda masana'antu ke haɗawa, ba a kuma shuka irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Masana kimiyya da ke wurin nan za su ce ai ko kashin shanu ma da sinadari a cikinsa. Gaskiya ne, amma sunan ya wadatar da mu ga abin da muke son faɗi.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, manomin Arewa ya daɗe da sanin aikin gonar, abin da ya rage masa shi ne shaidar da kasuwa ke biya dominta. Sa'an nan kuma wannan sana'a ta dace da wasu amfanin gona ne, ba ta dace da dukkansu ba, kuma duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai jefa ƙasa cikin yunwa.

2.0 Kasuwar da Ake Magana a Kanta

Tushen wannan tafarki a rubuce ya faro ne daga mutane irin su Albert Howard, Baturen Ingila wanda ya yi aikin gona a Indiya, ya koyi haɗa takin juji daga manoman can, ya wallafa littafi a kan haka cikin 1940. A 1972 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu irin wannan noma a Faransa. Tun daga nan abin ya tashi daga ra'ayin 'yan tsiraru ya zama ciniki. A 2022 mutanen duniya sun kashe kimanin yuro biliyan 135 wajen sayen abinci marar sinadari, galibinsu a Amurka da Jamus da Sin da Faransa. A cikin Afirka kuwa, ƙasashen gabas irin su Yuganda da Tanzaniya da Habasha su ne suka yi nisa, da kofi da auduga da riɗi. A Masar, Ibrahim Abuleish ya kafa gonar Sekem a cikin hamada, arewa maso gabas da Alƙahira, cikin 1977, ta bunƙasa har ta zama kamfanoni masu sayar da ganyen shayi da auduga da kayan marmari. Nijeriya, duk da yawan manomanta, rabonta a wannan kasuwa ƙanƙane ne.

3.0 Abin da Muka Gada

Babu buƙatar a koya wa Bakano darajar taki. Binciken da Michael Mortimore ya fara a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960 ya nuna ƙasar da ake nomawa kowace damina ba tare da an bar ta ta zama saura ba, ga jama'a cunkus, amma ba ta mutu ba. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangalolin shara da toka da kashin dabbobi, a jibge su tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin yadda abincin shuka ke zagayawa a irin waɗannan gonaki. Ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, saiwoyinsu na ƙara wa ƙasa naitirojin. Ana ɗaure harawa a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki. Awaki da tumaki su ci a turke. A kwashe takinsu a mayar gona. Har ƙurar hunturu, wadda muke ƙi saboda mura, ita ma tana da abin da take zuba wa ƙasa.

Haka nan tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, inda Bafulatani kan sauka a gona bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi damman hatsi. Ga kuma gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa shuka rana, kuma geron da ke gindinsa ya fi na sarari. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 aka shiga ƙarfafa manoma su daina tumɓuke kututture, su riƙa barin tohon da ya fi ƙarfi ya girma. Wannan dabara, da suke kira sassaben zamani, ta dawo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5.

Takin zamani baƙo ne a kan waɗannan. Sufa ce ta fara shigowa saboda gyaɗa. Amma bai game ƙasa ba sai bayan da aka buɗe ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe cikin 1975, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, gwamnati ta riƙa sayar da buhu a kan farashi mai rahusa. Da shi ne masara ta mamaye gonakin da a da dawa ce ke cikinsu.

4.0 Inda Takin Gargajiya Ya Gaza

A nan ne ya kamata mu yi lissafi, domin masu sha'awar wannan noma sukan tsallake shi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen takin shanu kuwa, abin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ke nan sai an kwaso fiye da tan 2 kafin a kamo buhu guda, kuma ba dukkansa shuka ke samu a daminar farko ba. Shawarar da aka saba ba manomin masara ita ce ya zuba kilo 100 zuwa 120 na naitirojin a kowace hekta. Idan da takin shanu zalla zai yi, yana neman tan 10 ko fiye. Manomi mai akuya biyar da jaki ɗaya, ina zai samo shi? Dabba ba ta ƙirƙirar taki, tattaro shi take yi daga makiyaya ta kawo gona. Makiyayar kuwa ita ce aka nome, burtali ya toshe, amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi ta lalace a wurare da yawa.

Sharar birni ma ba ta nan yadda Mortimore ya same ta. Yau leda ce da roba da matattun batura. Lambunan da ke shan ruwan Jakara da Getsi a Kano suna samun ruwan da ya ratso unguwanni da masana'antu, kuma babu mai binciken da zai sa hannu a kan kayan da aka noma da shi.

Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2012 da 2015 sun nuna cewa, a jimlace, amfanin gona marar sinadari kan gaza na ɗan'uwansa da kashi 19 zuwa 25 cikin 100. Ƙasar Siri Lanka ta gwada abin da ƙarfin doka: a Afrilun 2021 ta hana shigo da takin zamani baki ɗaya, noman shinkafa da ganyen shayi ya faɗi warwas, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar, amma ɓarnar ta riga ta shiga cikin rikicin da ya kori shugaban ƙasar a 2022. Mu kuwa matsalarmu ma ƙarancin taki ce. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, abin da manomin nahiyar ke zubawa bai wuce kilo 8 a hekta ba. Saboda haka, a ganinmu, masara da shinkafa da alkama ba su cikin wannan magana. A bar su da kamfa da yuriya, a haɗa musu da takin gida gwargwadon samu.

5.0 Amfanin da Ya Dace

Akwai kayan da ƙasashen waje ke saye a hannunmu waɗanda tun asali ba su da cin taki. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai, da zoɓon da ake tarawa a Maigatari da Dawanau, da ayar da ke fitowa daga Katsina da Maraɗi, duk sukan yi a jigawa da ɗan abin da aka ba su. Ƙaron Yobe da Barno da kaɗanyar Neja da Kebbi da Kwara kuwa ba a ma shuka mafi yawansu, tsinto su ake yi a daji, kuma dokar Turai ta yarda a ba irin waɗannan shaida muddin an tabbatar shekara 3 ba a yi feshi a wurin ba. A kan waɗannan kaya, manomin da ya koma noma marar sinadari ba shi da wata babbar hasara, domin dama abin da zai bari kaɗan ne. Cittar kudancin Kaduna ta fi su wuyar sha'ani, saboda tana da cin ƙasa, ga kuma cutar ruɓa da ta halaka gonakin Kaciya da Jaba da Kagarko a 2023.

Abin da ƙasa ta fi nema a wannan yanki shi ne fosfet, wanda takin dabbobi ba ya bayarwa da yawa. Sai dai ƙa'idar wannan noma ta halatta niƙaƙƙen dutsen fosfet, kuma akwai shi a ƙasar Sakkwato da ta Tawa.

6.0 Shaida da Ajiya

Mai saye a Hambag ba zai iya gane riɗi marar sinadari da ido ba. Takarda yake saye, wadda wata hukumar bincike da ƙasarsa ta amince da ita ta sa wa hannu. Bisa dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ran 1 ga Janairun 2022, gonar amfanin shekara sai ta yi shekara 2 tana bin ƙa'ida kafin a karɓi abin da aka shuka a cikinta, ta itatuwa kuwa shekara 3. A tsawon wannan lokaci manomi na ɗauke da wahalar, amma farashin kowa da kowa ake ba shi. Kuɗin kawo mai bincike kuma ya fi ƙarfin mai hekta ɗaya. Don haka dokar ta ba da damar ƙananan manoma su haɗu a ƙungiya mai rajista, wadda ba ta wuce mutum 2,000 ba, su naɗa masu sa ido daga cikinsu su ziyarci kowace gona kowace shekara, sa'an nan mai binciken waje ya zo ya duba wani kaso. Idan ya samu tsarin sa idon da rauni, ƙungiyar duka ce za ta rasa shaidarta.

Mu a namu nazarin, wurin da aka fi yin hasara shi ne tsakanin masussuka da tashar jirgin ruwa. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Wannan magani ba a gona aka fesa shi ba, a sito aka zuba shi don tsoron ƙwari. Haka abin yake ga sauran kaya. Manomi ya noma zoɓonsa da tsabta, ɗan kasuwa ya auna a kasuwar ƙauye ya juye cikin tsohon buhun taki, dillali ya gauraya na gari goma, mai sito ya jefa ƙwayar hayaƙi ya rufe ƙofa. Kafin kaya su isa Legas babu mai iya cewa ga gonar da suka fito.

Maganin wannan yana hannu. Buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta fito da Aflasafe, wanda ke rage gubar funfuna a gyaɗa da masara ta hanyar amfani da wata funfunar marar guba. Ɗiyan darbejiya, da ke zube a kowace unguwa, ana dakawa a jiƙa a yi feshi da su. Abin da ba a samar ba shi ne sito na dabam, da buhu sabo mai lamba, da motar da aka wanke, da mai saye guda da zai yi alkawarin farashi tun kafin shuka, ya kuma ɗauki nauyin shekaru biyun nan na jira. Idan babu shi, ranar da manomi ya matsu da kuɗin magani ko na biki zai kai riɗinsa kasuwa, ya sayar a kan farashin yau, aikin shekara biyu ya bi ruwa. Ba mu ga laifinsa ba.

Har wa yau, ribar da za ta zauna a ƙasa tana ga sarrafawa. Riɗin da aka tankaɗe aka ɓare, da man kaɗen da aka tace, sun fi ɗanyen kaya daraja nesa ba kusa ba, kuma galibin masu tsintar kaɗanya da cirar zoɓo mata ne. Dalilin da gwamnatin tarayya ta bayar ke nan da ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata 6 a Agustan 2025. Sai dai doka irin wannan, in ta riga injinan tacewa zuwa, farashi take karyawa a hannun matan ƙauye.

Akwai wani gefe na aikin da ya shafi mahalarta wannan taro kai tsaye. Tsarin shaida gaba ɗayansa a kan rubutu ya dogara: taswirar gona, ranar shuka, inda aka samo iri, abin da aka zuba, buhu nawa aka girbe, wa aka sayar wa. Ƙa'idojin kuwa da Turanci da Faransanci suke. Manomin Maigatari da ba ya karanta boko sau da yawa yana karanta ajami, kuma mai sa idon da ƙungiya za ta naɗa daga cikin almajiran garin zai fito ko 'yan sakandarensa. Ana bukatar sassan Hausa da na aikin gona su zauna tare su tsayar da kalmomin, su fassara ƙa'idojin, su tsara littafin gona mai shafi kaɗan a boko da ajami, a gwada shi damina guda a ƙungiya ɗaya ta masu riɗi, a ga ko mai binciken waje zai karɓe shi.