Daga Dogon Daji Zuwa Sifaniya: Abubuwan da Za Su Ɗaure wa Ɗalibi Kai

A ce wata makaranta a Dogon Daji ta tara ɗalibanta, an yi fasfo, an sha wahalar biza, an bi hanyar Sakkwato, an hau jirgi sai Madrid. Iyaye za su ce yara sun tafi ganin al'adun Turawa. Su kuwa yaran, kafin su gama zagayen sai sun yi ta cin karo da kayan gida, wasu daga can suka zo mana tun kaka da kakanni, wasu daga nan ake kai su.

Agogo ma ba sai an taɓa shi ba. A lokacin hunturu, ƙarfe takwas a Dogon Daji ƙarfe takwas ne a Madrid, tun da gwamnatin Janar Franco ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya a 1940. Da bazara suna ƙara wata awar, sai ka ga a ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗi ba sai wajen goma saura kwata na dare. Abincin rana sai biyu ko uku, na dare sai tara ko goma. Mai kwanciya bayan isha zai kwana da yunwa.

A Balansiya za a miƙo maka farin abin sha mai sanyi a kofin gilashi, da wani siririn burodi mai zaƙi da ake tsomawa a ciki. Sunansa horchata. Kurɓa ɗaya za ka ajiye kofin ka kalli abokinka, don kunun aya ne, sai dai babu dabino, babu kwakwa, babu citta. Aya ce da ruwa da sukari kawai. Garin Alboraya da ke gefen birnin da noman aya ya yi suna, har gwamnati ta ba ayar yankin tambari na musamman. Duk da haka abin da suke nomawa ba ya isar su, suna sayowa daga Nijar da Burkina Faso da Mali, kuma jihar Maraɗi ce kan gaba a noman aya a Nijar. Ga wanda ya saba saye a leda a bakin tasha, kuɗin kofi ɗaya a can ya isa ya sa shi salati.

Babban abin mamakin yana kudu, a Andalus. Ishiriniyar da ake rerawa da Mauludi, mai ita Alfazazi a Ƙurɗuba aka haife shi, ya rasu a Maroko a 1230. Alfiyyar da ɗaliban nahawu ke haddacewa a zaure, Ibnu Malik mutumin Jayyan ne, garin da a yau ake kira Jaén, cibiyar man zaitun ta ƙasar. Shaɗibi na masu ƙira'a daga Xàtiva yake, kusa da Balansiya. Tuhfa, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna dubawa kafin su yanke hukunci, alƙalin Garnaɗa ne ya rubuta ta, Ibnu Asim, wanda ya rasu a 1426. Ashafa da ake karantawa da azumi kuwa, Alƙali Iyal ɗan Sabta ne, wato Ceuta, garin da ke kan ƙasar Afirka amma tutar Sifaniya ke kaɗawa a kansa. Ba na jin akwai wata ƙasa a Turai da buzun malamanmu ya ci bashinta kamar wannan.

Muwaɗɗa ma da ake jan baƙinta a nan, ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Ana ba da labarin cewa yana ɗalibta a Madina aka shigo da giwa gari, kowa ya watse kallo ya bar Imamu Malik, shi kaɗai ya zauna. Malam ya tambaye shi me ya hana shi zuwa alhali babu giwa a ƙasarsu, ya amsa cewa ilimi ya kawo shi, ba giwa ba. Malamin da zai jagoranci yawon buɗe ido ya yi hattara da wannan labari, kada ya ba da shi a bakin filin ƙwallon Bernabéu na Madrid. Ba mai saurarensa.

Duba tsohon rubutun hannu na Andalus a gidan tarihi: fa'un ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙafun ɗigonsa ɗaya a sama, daidai da yadda gardi ke rubutawa a allo. Ruwayar ma Warshu ce.

Masallacin Ƙurɗuba an fara shi a 785 zamanin Abdurrahman na Ɗaya, ginshiƙansa sun haura 850, bakansa ja da fari jere da juna har ido ya gaji. Tun 1236 ya zama coci, daga baya aka gina wata babbar majami'a a tsakiyarsa. Mihrabin yana nan da adonsa na ruwan zinariya, amma wanda ya tada kabbara masu gadi za su tsayar da shi. A yi alwala a yi salla a wani wuri kafin a shiga.

A fadar Alhambra ta Garnaɗa, wadda Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullanta ranar 2 ga Janairu 1492, bango duk rubutun Larabci ne. Dubban baƙi na ɗaukar hotonsa a matsayin ado, ɗan makarantar allo kuwa karantawa zai yi: taken masarautar ne aka yi ta maimaitawa, cewa babu mai rinjaye sai Allah. Sai a 2003 aka buɗe sabon babban masallaci a unguwar Albaicín, yana fuskantar fadar.

Wani ɗan Garnaɗa, Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, shi ya sa sunayen Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara a littafin da aka buga a Venice a 1550. Wani kuma, Judar Basha, haifaffen lardin Almería, shi ya ja rundunar Maroko da bindigogi ya karya daular Songhai a Tondibi a 1591, daular da Kanta na Kabi ya yi wa tawaye shekaru saba'in da ɗoriya kafin nan.

Taken ƙasar Sifaniya babu baiti, kiɗa ne zalla. Cocin Sagrada Família na Basalona an kafa harsashinsa a 1882, ya haura shekara 140 magina na kansa. A daren sabuwar shekara kowa sai ya haɗiye ƙwayar inabi 12, ɗaya a kowane bugun agogo.

A Pamplona, daga 7 zuwa 14 ga Yuli, kullum ƙarfe takwas na safe ake sakin bijimai a lungunan gari, jama'a na gudu a gabansu. Mahautanmu masu hawan ƙaho aƙalla da igiya a ƙafar sa. A Buñol kuma, Larabar ƙarshe ta Agusta, ana jifar juna da tumatir fiye da tan 100 cikin awa ɗaya, har da sayen tikiti. Wannan kam bai burge ni ba, kuma ba zai burge manomin fadama ba.

A kula da abinci. Cinyoyin da ke rataye a shaguna na alade ne, kuma kitsensa na shiga har cikin wasu kayan zaƙi. A tambaya kafin a sa baki.

'Yan gidan kallo da ke raba gari tsakanin Madrid da Basalona su riƙe wannan don gardama: ranar 13 ga Yuni 1998 a Nantes, Nijeriya ta ci Sifaniya 3 da 2 a Gasar Kofin Duniya. Garba Lawal na Kaduna ya bugo wadda mai tsaron gida Zubizarreta ya tura ragarsa da hannunsa, Sunday Oliseh ya rufe da ta uku. Umar Sadiq, shi ma ɗan Kaduna, ya ci ƙwallaye a Almería kafin Real Sociedad ta saye shi a 2022.

Sai tsaraba. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, kuma har yanzu Sifaniya da Italiya na cikin manyan masu sayen fatar da majemun Kano ke fitarwa. Ɗalibin da ya zazzage guzurinsa ya sayo wa Baba takalmi ɗan Sifaniya, ba mamaki akuyar kasuwar Tambuwal ya biya wa kuɗin jirgi ta dawo gida.